Duron Malachy da Kujerar Ubansa

A ƙungiyar 'yan fatsa ta garinmu Cuanbeg da ke bakin teku, babu wanda ya kai Malachy Devane sanin kifin shak, ƙaton kifin nan na teku mai haƙora kamar zarto, in dai a baki ne. Ya san inda yake kwana, ya san abin da yake marmari, har ranar da yake tashi da fushi ya sani. Abu ɗaya ne bai taɓa haɗa su ba, shi ne ƙugiya. Tun da ya ajiye tuƙin bas ya koma teku gaba ɗaya, shak bai taɓa yin kuskuren taɓa fatsarsa ba, kuma kullum akwai dalili. Ko iska ce ta juya, ko wata ne bai cika ba, ko kuwa na kusa da shi ne ya yi tari ya kori kifi.

Ba don kujera ba, da an bar shi ya yi ta zuba abinsa. A jirgin ƙungiya akwai wata kujera a kusurwar baya, inda fatsar mutum ke riga ta kowa isa ga kifi. Mahaifinsa, marigayi Packie, shi ya kafa ta da hannunsa, ya zauna a kai har ƙarshen ransa. Da ya rasu aka bar wa Malachy don kara. To, kara ma tana da iyaka. A taron farkon bazara, shugabar ƙungiya Dervla Mulqueen, wadda kuma ita ke tuƙa jirgin, ta faɗa masa a gaban kowa.

"Malachy, kujerar nan ta mai kamu ce, ka fi ni sani. In aka rufe kakar bana ba ka kama shak ba, ka auna shi, ka sa masa alama, ka sake shi da rai a gaban shaidu, to ta koma hannun Fintan."

Fintan mahauci ne, kuma ƙanen Nuala matar Malachy. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Kada ka damu, mijin yaya," in ji shi. "Zan riƙa gaishe maka da ita."

"Sai dai ka gaishe ta daga nesa," in ji Malachy. "Matsalar jirgin nan ba ni ba ne, rowa ce. Ku dubi abin da kuke kira kirɓi."

Kirɓi shi ne abin kiran shak. A kirɓa kifin titus da dusa da ɗan man kifi, a zuba a buhu mai ƙofofi, a rataya a gefen jirgi, maiƙon ya yi ta bin ruwa har ya kai hancin kifi. Dokar ƙungiya ita ce bokiti guda, sabo fil, kuma ba a buɗe shi sai an yi nisan da aka daina hango hasumiyar coci.

"Wane babban baƙo ne zai taso daga tsakiyar teku saboda cokali ɗaya?" in ji Malachy. "Ni zan yi kirɓin da shak ɗin Amurka zai shaƙa ya kamo hanya."

"Amurka ba ta yi mana komai ba," in ji Dervla. "Doka dai tana nan inda take."

Washegari sai ga Malachy da ƙaton shuɗin duro na roba mai murfi, ya kafa shi a bayan gida kusa da igiyar shanya. Ya bi masu kamun titus ya kwashe kawuna da hanji. Ya zuba dusa. Fintan kuwa, da ya ji labari, ya zama ɗan'uwa na gari fiye da yadda aka san shi. Kullum sai ya aiko da hanta da huhu da jarkar jini, kyauta.

"Ƙara masa ƙwai, mijin yaya. Na ji an ce mutanen da da ruɓaɓɓen ƙwai suke yi."

"Ka ji an ce? Ni na gaya wa wanda ya gaya maka."

Aka zuba ƙwai. Aka ƙara baƙar giya don ƙarfi. Malachy ya murɗe murfi tam, ya ce sai ranar ƙarshe za a buɗe, don abu mai daraja ba ya son gaggawa. Kamar da gangan kuma, garin nan namu da ruwan sama ba ya ɗaukewa, a wannan bazarar sai aka yi rana irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba.

Kyanwoyi ne suka fara sanin abin da ake ciki. Suka jeru a kan katanga kamar masu jiran bas. Bayan 'yan kwanaki su ma suka watse, ko ɗaya ba ta sake leƙowa ba, kuma da Malachy mai lura ne da wannan ya ishe shi ishara.

Sai maƙwabciyarsu Uwargida Keaveney, tsohuwar da ke ganin komai ta bayan labule, ta leƙo ta kan shinge da hankici a hanci.

"Malachy ɗan Packie, ina matarka?"

"Tana ciki, Uwargida."

"Kira min ita in gan ta da idona."

Nuala ta fito da ɗankwali ɗaure a fuska.

"Ina da rai, Uwargida," in ji ta. "Amma ba na jin zan daɗe."

"To wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu," in ji Malachy. "Kimiyya ce."

"Na binne miji, na binne karnuka, ban taɓa jin kimiyya irin wannan ba."

Ba ta yarda ba, sai da ta kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi tambayoyinsa da ƙarfi, ya ce ya gamsu, ba sai ya ƙarasa ba. Masu gyaran bututun gas suka zo da na'urarsu suka haƙa titi, suka mayar, suka tafi suna zagin juna. Mai kawo wasiƙu ya koma wurgo su daga kan keke ba tare da ya taka birki ba. Ranar Lahadi a coci, bencin gidan Devane ya zama nasu su kaɗai, na gaba da na baya ma babu kowa, ga mutane a tsaye jikin bango.

"Ka ga girmamawa," Malachy ya raɗa wa matarsa.

A ranar Nuala ta haɗa akwatinta ta koma gidan ƙanenta. Ta ce ba yaji ta yi ba, numfashi ta je yi, kuma za ta dawo ranar da ɗaya ya bar gidan, ko shi ko duron, ba ta da zaɓi a tsakaninsu.

Duro fa ya fara kumbura. Cikinsa ya fito, murfin ya yi tozo, da rana ta take sai a ji yana gurnani. Malachy ya ɗaure shi da igiyar jirgi, ya ƙara da tsohuwar ɗamararsa ta aikin bas, ya ɗora masa bulo. Duk wanda ya tsaya daga nesa ya tambaya, sai ya dafa duron kamar mai nuna saniyar da zai sayar, ya ce abu mai rai dole ya yi numfashi. A ransa kuwa yana jin tsoro. Yana fita da jirgin ƙungiya duk mako, yana zama a kujerar ubansa, yana dawowa hannu rabbana, kaka kuma tana ta guduwa. Duron nan shi ne abin da ya rage masa.

Ranar rufe kaka a garinmu ita ce ranar da Fada, limamin cocinmu, ke sa wa jirage albarka. Da safe gari ya taru a kan dogon dakalin tashar jirage, an sha kwalliya, 'yan badujala na busa, mata sun jera tebura na shayi da burodi. Can sai aka hango Malachy yana gangarowa daga tudu da baro, duro a kwance a ciki an lulluɓe shi da bargo. Taron ya tsage masa hanya ba tare da an roƙi kowa ba.

Dervla ta tare bakin tsanin jirgi.

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Mene ne a cikin bargo?"

"Kirɓi."

"Bokiti guda muka ce."

"Bokiti ne. Ya girma ne."

"Malachy, wannan abin ba zai hau jirgina ba. Ba don hancina kaɗai ba. Ka zuba wannan a teku, abin da zai zo ba kifi ba ne, hukuma ce. Ajiye shi, ka hau ka zauna a kujerarka kamar mutum, ka gwada sa'arka."

Shawara ce ta gaskiya, kuma da su biyu ne kawai da wataƙila ya ɗauka. Amma ga gari duka na kallo, ga Fintan a cikin jirgi yana murmushi.

"Bar shi, shugaba," in ji Fintan. "Mijin yaya ba zai iya da teku shi kaɗai ba."

"Ni?" in ji Malachy.

Kafin a ce kwabo ya tura baro zuwa gangaren da ake sauke ƙananan jirage, ya mirgina duron cikin ɗan kwalekwalensa mai inji. Kwalekwalen ya nutsa har ruwa ya kusa kai baki. Ya ja igiyar inji, ya miƙe tsaye, ya sanar cewa shi ba zai bi ta doguwar hanyar jirage ba, ta kan rairayin da ruwa ke rufewa in teku ta ciko zai yanke, kuma kafin su iso ya gama da shak ɗinsa yana shan shayi.

"Ruwa na janyewa, Malachy," Dervla ta ɗaga murya.

"Ni za ki koya wa ruwan Cuanbeg? A bakinsa aka yanke min cibiya."

Gaskiya ne ya sha yanke wannan hanyar. Abin da ya manta shi ne bai taɓa yanke ta da duro ba. Bai yi nisan jifa daga dakali ba aka ji inji ya yi kukan shaƙewa, kwalekwale ya tsaya cik. Ya tura da sanda, sandar ta shige ta ƙi fitowa. Ya sauka zai tura da hannu, taɓo ya haɗiye shi har cinya, da ƙyar ya koma ciki da takalmi ɗaya. Ruwa kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, bai waiwayo ba, har ya bar shi zaune a tsakiyar fili na laka, daidai gaban jama'a.

Fada Oisín ya buɗe littafinsa ya fara addu'a. Malachy ya yi lissafin cewa in ya rage wa duron nauyi kaɗan, ɗan ruwan da ya saura zai iya ɗaga shi. Ya kwance ɗamara. Ya kwance igiya. Ya ɗan murɗa murfin, kaɗan kawai, don ya sha iska.

Murfin nan har yau ba a gan shi ba. Wasu sun ce ya faɗa bayan makaranta. Abin da bazara guda ta dafa ya tashi sama kamar an fasa famfo, ya dawo ya sauka a kan mai shi, tun daga hula har takalmin da ya rage. Iska kuwa daga teku take busowa.

Mai busa ƙaho ne ya fara shan kashi, don daidai lokacin ya ja dogon numfashi. Fada, wanda aka sani da jan addu'a har shayi ya huce, ya sa wa jirage duka albarka a dunƙule, ya yarfa ruwan tsarki ta inda ya samu, ya ce amin kafin kowa. Mata suka kife faranti a kan burodi. Sannan tsuntsayen teku suka iso. Daga ina suka ji, Allah kaɗai ya sani, amma sai da sararin tasha ya yi fari, suka sauka a kan duro, a kan kwalekwale, a kan Malachy, yana kora da hula suna ƙwace hular.

Jirgin ƙungiya ya bi ta hanyarsa mai zurfi ya zo wucewa. Malachy ya share ido ya duba. Kujerar baya babu kowa a kai. Fintan ya nufe ta, Dervla ta ce masa kaka ba ta rufe ba tukuna, ya koma mazauninsa. Haka kujerar ta wuce shi fayau, ta fita teku ba shi, karo na farko tun rasuwar Packie. Wannan ya fi warin yi masa ciwo.

Sauran yinin gari ya sami abin kallo. Mutane suka koma gida suka ɗauko kujeru, suka zauna ta inda iska ba ta bi. An kira masu ceto, suka zo suka duba, suka ce mutumin ba ya cikin haɗari, wanda ya matsa kusa da shi ne zai shiga.

"Ɗan Packie," in ji Uwargida Keaveney, "na Amurkan sun iso?"

"Suna hanya, Uwargida."

"To ka ce su zo da sabulu."

Sai da la'asar ruwa ya fara dawowa. Ya lallaɓo ta kan laka, ya ɗauki maiƙon ya shimfiɗa a faɗin tasha. A nan dai dole a ba Malachy gaskiyarsa, kirɓin ya yi kira. Ƙaguwa ta fito daga kowane rami, ƙananan kifaye suka cika wurin har ruwan na tafasa, can gefe kuma wani ƙaton karen teku, dabbar ruwan nan mai gashin baki da ke cin kifi, ya ɗago kai yana duba wanda ya shirya walimar. Kwalekwale ya ɗaga. Daidai lokacin jirgin ƙungiya ya shigo, kowa a ciki ya toshe hanci.

Malachy ya ga rana na shirin faɗuwa, kakar na shirin tafiya da ita. Ya ɗauki sandar fatsa, ya soka wa ƙugiya wani abu da ya ciro daga aljihun rigarsa wanda a da hanta ne, ya jefa. Ko zama bai yi ba igiya ta motsa. Ya ja, sai ga ɗan kifi mai ɗige-ɗige, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, irin mai kwana a gindin dakali wanda kowane ɗan fatsa ke cirewa ya mayar yana tsaki.

Malachy ya dubi kifin, kifin ya dube shi. Sai ya ɗaga shi sama.

"Shugaba, wannan shak ne ko ba shak ba?"

"Wutsiyar saniyar da ke rataye a shagona ta fi shi," in ji Fintan.

"Ba da kai nake ba. Shugaba?"

Dervla ta leƙo ta duba kifin da kyau. Mace ce mai tsanani, amma ba ta da ha'inci.

"Ɗan gidansu ne," in ji ta. "Ƙaramin cikinsu, wanda ba a kai wa biki. Amma doka ba ta faɗi girma ba."

Dakali ya ɗauki hayaniya. Murmushin Fintan ya tsaya a rabi. Dervla ta ɗaura ma'auni da alama a kan doguwar sanda ta miƙa, don ba ta yarda jirginta ya taɓa kwalekwalen ba. Malachy ya auna. Ya maƙala alamar a ƙayar bayan kifin.

"Saura saki," in ji Dervla. "Mayar da shi yanzu. Kifi ba ya jiran jawabi."

Abin da ya rage ke nan, ya sunkuya ya buɗe hannu. Amma da ya ɗago ido sai ya ga gari kaf yana kallonsa, Fada da ɗan sanda da 'yan badujala, kuma yau ga shak a hannunsa na gaske wanda ba a baki ba. Shekaru yana jiran wannan taron. Ya gyara tsayuwa, ya riƙe kifin ta wutsiya, ya yi gyaran murya.

"Jama'ar Cuanbeg, an yi min dariya."

"Sake shi, Malachy," in ji Nuala daga kan dakali.

"An kira min ɗan sanda. An haƙa min titi. Wasu da nake auren 'yar'uwarsu sun riga sun auna kujerar ubana da ido."

"Malachy, don Allah sake shi."

"Yanzu zan sake shi, Nuala, bari in ƙarasa. Kamun shak ba ƙarfi ba ne, ba kuma sa'a ba ce. Sani ne. Shi teku littafi ne, kuma ba kowa ke iya karatunsa ba. Ni tun ina yaro nake gane abin da ke ƙarƙashin ruwa ba sai na duba ba."

Ya nuna ƙirjinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun mai kifi ya sauka ta gefen kwalekwale. Ruwa ya buɗe a hankali. Karen tekun nan ya ɗago, ya karɓi kifin cikin ladabi kamar an miƙa masa, ya bar wa Malachy wutsiya. Bai ma yi nisa ba, sai ya kwanta rigingine a gaban jama'a ya ci abinsa, ya tofar da alamar.



"Ya shiga ruwa ai," in ji Malachy. "Kowa ya gani."

"Ya shiga," in ji Dervla, "amma ba da ƙafarsa ba."

"Da rai ya bar hannuna."

"Rabinsa na hannunka."

Malachy ya juya wajen dakali. "Fada, kai ba ka ƙarya. Faɗa musu."

"Ɗana," in ji Fada Oisín ta cikin hankici, "abin da zan iya yi masa yanzu addu'a ce kawai."

Dariyar da aka danne tun safe ta fashe gaba ɗaya, har mai ƙaho ya farfaɗo ya sa baki. Dervla ta jira aka lafa, sannan ta yanke hukunci a taƙaice. Kaka ta rufe. Malachy zai wanke gangare da dakali har sai Uwargida Keaveney ta shinshina ta ce ya yi. Kujera kuma ta Fintan ce.

Fintan ya taka zuwa kusurwar baya ba gaggawa. Ya cire hula ya kaɗe kujerar, ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya leƙo ta gefen jirgi.

"Mijin yaya, kai da ka san komai, daga nan ta wane gefe ake jefa fatsa?"

Kowa ya gyara kunne don jin irin ashar ɗin da za ta fito. Malachy ya buɗe baki. Ya dubi kujerar, ya dubi wutsiyar da ke hannunsa, idonsa ya ciko da hawayen da ba na wari ba.

"Ta hagu," in ji shi a hankali. "Baba kullum ta hagu yake jefawa."

Sai ya zauna, ya ɗauki gwangwani, ya fara kwashe abin da ke cikin kwalekwalen yana mayarwa cikin duro.